Shekarar da Na Faɗi Sunan Ɗan Fari

Na gaji da jin yadda kuke ba da labarin ranar karatun nan na Magarya. Duk wanda ya shigo gidan nan, baƙo ne ko suruki, sai ɗayanku ya gyara zama ya ce ai Innarmu ce ta miƙe a gaban prefe, shugaban gundumarmu, da manyan gari ta yi abin da babu macen da ta taɓa yi, har mata suka yi kuka, har aka tafa. An tafa ɗin, ban musa ba, kukan ma an yi shi. Prefen dai bai zo ba, wakili ya aiko, amma ku bar shi a prefe tun da ya fi muku daɗin faɗa. Abin da ke damuna shi ne kun ɗauki labarin kun yanke shi a inda ya yi muku kyau, ni kuwa mai shi ban taɓa jin daɗinsa ba. Shi ya sa na ce kafin idon nan ya ƙarasa lalacewa bari in zauna in rubuta muku shi har ƙarshe, ko na huta da gyara muku zance da baki.

Littafin kansa ba da niyyar bugawa na rubuta shi ba. Bayan na aje aikin koyar da mata yaƙi da jahilci, mahaifinku kuma Allah Ya yi masa rasuwa, gidan ya yi mini faɗi, hantsi ya yi mini tsawo. Sai na riƙa zama a inuwar tsakar gida ina rubuta abin da na tuna: rijiyar garinmu, shanun babana da sunayensu, tallar nono a kasuwar Sassumbrum, yadda na koyi boko da girmana har ƙananan yara na yi mini dariya. Zuwaira, autarku, wadda tun tana goye ba ta iya barin abu a inda ta same shi, ita ta kwashe takardun ta juye su a ordinatar, wato kwamfuta, ta kai wa wasu malamai a Damagaram. Ban ankara ba sai ga littafi da bango da sunana a jiki. Na juya shi gaba da baya, na ce to madalla, na sa shi ƙarƙashin matashi, ina ganin magana ta ƙare ke nan.

Ba ta ƙare ba. Ana gama girbi sai ga Mushe Nuhu ya yi sallama. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, inda ake ce wa malamai Mushe da Faransanci, ɗan siriri mai saurin baki, in ya fara zance ba ka samun wurin sa naka sai ya tsaya haɗiyar yawu.

"Malama, mun shirya zama a zauren meri, can ofishin magajin gari. Za a gayyato manya da malamai da ƙungiyoyin mata. Ke za ki karanta da bakinki."

"Duka littafin?"

"A'a, wuri ɗaya za ki zaɓa. Kada ya yi tsawo, kin san mutanenmu ba su da haƙurin zama."

"To in kun san ba su da haƙuri, me ya kai ku tara su?"

Ya yi dariya, ya ce ni dai in zaɓa. Ni kuwa tun kafin ya rufe baki na riga na zaɓa. Akwai babin bijimin babana da ya tsinke ranar kasuwa ya watsa masu ƙwarya, har wani dattijo ya hau rumfar mahauta da rawaninsa. Na ce wannan zan karanta, mutane su yi dariya, kowa ya kama gabansa kafin magariba. Mushe Nuhu ya girgiza kai, ya ciro nasa littafin daga jaka, na ga ya naɗe kunnen wani shafi. Ko bai buɗe ba na san wurin.

"Babin ƙyanda, Malama. Shi ne littafin. Sauran duk rakiya suka yi masa."

Ku da kuka tashi a zamanin da uwa ke rungume ɗan farinta a bainar jama'a ana ɗaukarsu hoto da salula, dole in tsaya in yi muku bayani, ko da kuna ganin kun sani. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa, in yana kuka a gaban mutane sai ta dubi wani wuri har wata ta ɗauke shi. In an yaye shi kuma sai kaka ta tafi da abinta. Haka aka yi wa uwata, haka aka yi mini. Babban yayanku yana barin nono kakarku, mahaifiyar babanku, ta goya shi zuwa ƙauyensu can gaba da Dungas, a can ya girma, ita yake ce wa Inna. Ni kuma Malama yake ce mini, kamar yadda mutanen gari ke faɗa. Tun ranar sunansa ban taɓa furta sunan ba. "Yaron nan" nake cewa, har gemunsa ya fara furfura yana yaron nan. Ko a ajin mata in aka samu wadda ɗanta ke da wannan suna, sai in ce mata ina takwaran yaron nan, kowa ya gane. Amma da na koyi rubutu sai na tarar hannu ba shi da kunyar da baki ke da ita. Bik, alƙalamin da nake rubutu da shi, ba ya rawa a kan sunan, takarda kuma ba ta ɗaga ido ta dube ka. To a babin ƙyanda hannun nan ya saki jiki ya yi abin da ya ga dama.

Ga abin da ke cikin babin, don na san rabinku ba su karanta ba, bango kawai kuke nuna wa baƙi. Shekarar da aka yi ƙyanda mai tsanani, yayanku bai daɗe da komawa hannun kakarku ba. Wani mai kai kanwa ya kawo mana labari Magarya cewa yaron yana kwance, ido ya rufe. A gabana aka faɗa wa mahaifinku, ni kuwa na ci gaba da tankaɗe kamar ba da ni ake ba, don haka ya kamata. Washegari kasuwar Dungas ke ci. Na ce da mahaifinku zan je sayen daddawa. Ya dube ni, ya san daddawa ba ta ƙare a Magarya ba, ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Na hau motar kasuwa, daga Dungas na taka cikin rairayi har ƙauyen. Na shiga na durƙusa na gaida kakarku, na tambayi lafiyar awaki, na tambayi ta maƙwabta, ban tambayi tasa ba. Yana kwance a ƙarshen tabarma an lulluɓe shi da tsumma. Na zauna na ba shi baya. Muna ta gaisawa da tsohuwa, hannuna ɗaya kuwa yana ƙarƙashin mayafi ta bayana, riƙe da ƙafarsa, zafinta kamar dankalin da aka ciro daga toka. Tsohuwa ta gani ta yi kamar ba ta gani ba, ta ja gaisuwar ta ja, har ta koma tambayar mutanen da ta riga ta tambaya, Allah Ya jiƙanta. Da na fito, tun daga bakin danga har Dungas sunansa nake faɗa a zuci, in ɗaga ƙafa in faɗa, in sauke in faɗa. Haka na rubuta shi a takarda, suna na bin suna, ba komai a tsakani.

Na ce da Mushe Nuhu wannan ba ya karantuwa, ya je ya nemi wani wurin. Da a kansa maganar ta tsaya da an gama, don malamin lakwal bai isa ya tanƙwara ni ba. Zuwaira ce ta shigo mini ta inda ba ni da ƙofa. Da ya tafi ta zo ta zauna kusa da ni tana ɓarar gyaɗa, ba ta dube ni ba.

"Inna, kin san Yaya ba ya karanta boko. Littafin da na kai masa Maigatari yana can bisa kabad, matarsa ta ɗora masa kwanoni."

"To sai me?"

"Sai dai bai san kin je ba. Bai san kin riƙe masa ƙafa ba. Har gobe yana ganin kin ba da shi kin juya baya. Ba kya ganin yadda yake zuwa gidan nan kamar baƙo?"

Ina gani mana. In ya zo da Sallah daga can tsallaken iyaka inda yake dillancin dabbobi, a bakin ƙofar ɗakina yake tsugunnawa, ya gaishe ni idonsa a ƙasa, ya fita wajen dangin babansa, kafin la'asar ya kama hanya. Ku kuwa ku faɗo mini ɗaki ku buɗe mini tukunya ku ci ku bar mini wanki. Na san haka ɗan fari ke yi, tun ban san kaina ba na san wannan. Amma tsufa yana sa mutum shakkar abin da ya sani. Tun rasuwar mahaifinku nakan zauna in ce, anya yaron nan kunya yake yi, ko dai babu komai ne a zuciyarsa game da ni? Anya zan mutu bai san akwai ranar da na tako rairayi saboda shi ba? Ban faɗa wa kowa wannan ba, amma Zuwaira ta sa yatsa daidai kan ciwon. Kafin in ce komai ta ƙara da cewa ta riga ta kira shi a salula, ya ce in Allah Ya yarda zai zo.

Daga nan barci da cin abinci suka zama aiki. Mushe Nuhu ya ce in riƙa gwada karatun da ƙarfi kullum, in saba da numfashi, in riƙa ɗaga kai ina duban mutane. Sai in sa tabarau da hantsi in fuskanci bangon rumbu in yi ta yi, kaji na kai da komo a gabana. Na gano ni da na yi shekara da shekaru a gaban allo ina koya wa mata baƙaƙe, ban iya karanta nawa ba. In na yi sauri in sarƙe, in na yi a hankali in ji kamar mai karanta sanarwar rasuwa a rediyo. Gwiwa na ciwo in na tsaya, baya na ciwo in na zauna. Duk wannan da sauƙi. Wahalar tana ƙarshen babin. Na gwada sa "wane" a madadin sunan, sai ya fito wane, wane, wane, kamar wadda ta manta wanda aka aike ta wurinsa. Na gwada tsallake layin gaba ɗaya, sai labarin ya zama na wata mata da ta je Dungas ta dawo ba daddawa. Na ce Zuwaira ta tsaya kusa da ni, in an zo wurin ita ta faɗa. Muka gwada, ta faɗa tas, yadda take faɗa kullum in tana ba ƴaƴanta labarin kawunsu, babu nauyin komai a ciki. Ita da kanta ta ce, Inna, wannan bai yi ba. Sau da yawa na koma wa babin bijimi, in karanta shi har in yi dariya ni kaɗai, in ce shi ke nan na huta. Kafin azahar kuma in tarar yatsana ya koma wancan shafin.

Ana cikin haka labari ya kai Dungas, ban san wa ya kai shi ba, ko da yake ina da wadda nake zargi. Sai ga Gwaggonku Dije, yayar babanku, a bayan kabu-kabu, tsohuwar da ko bayan gida sai da sanda. Ta ƙi shan ruwa sai da ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Na ji an ce za ki tsaya gaban maza ki kira sunan yaron nan a cikin ƙarfen nan mai ƙara murya."

"Ban yanke ba tukuna, Yaya."

"Rubutun da kika yi na yi shiru, na ce takarda ce, ba ta da baki. Yanzu kuma ke za ki ba ta naki? Uwarki ta mutu ba a ji sunan yayarki a bakinta ba. Ke wace ce?"

"Zamani ne, Yaya. So nake ya san..."

"Ya san me? Kin tambaye shi?"

"Ta yaya zan tambaye shi? Ni da shi muna irin wannan zancen ne?"

"To ga shi nan," in ji ta, ta miƙa hannu ta ɗauki ruwan.

Ta kwana a wurina tana mita, da safe Zuwaira ta karɓe ta da tata mitar. Ɗaya ta ce zan zubar da mutuncin gida, ɗaya ta ce kunya ta cinye mana rayuwa ba mu ga ribarta ba. Mushe Nuhu kuma kullum yana aiko tambayar wane shafi zai sanar. Matan da na koyar da su da suka ji, wasu suka ce Malama ki yi, wasu suka kama baki. Kowa yana da abin faɗa a kan bakina. Ku kuna cewa ƙarfin hali na yi. Ba ƙarfin hali ba ne, gajiya ce ta yanke mini shawara. Na gaji da jan da ake yi mini ta kowane gefe, na gaji da tambayar da ke cin raina, na kuma gaji da riƙon abu ɗaya a baki tun ina yarinya har haƙora suka fara zubewa. Na aika wa Mushe Nuhu cewa babin ƙyanda ne. Abu ɗaya na ƙudura: ba zan gwada sunan a gaban bangon rumbu ba. In dai zai fita daga bakina, to mai shi ne zai fara ji. Saboda haka har ranar ta zo, duk sanda na kai wurin a gwaji sai in rufe littafin in tashi in ba kaji ruwa.

Ranar ta faɗo Asabar, bayan la'asar. Zauren ya cika fiye da yadda na zata, ƴan lakwal a gaba, mata a gefe ɗaya, maza a ɗaya gefen. An aza mini tebur da kwalbar ruwa da mikro, an kuma rataye amsa-kuwwa a waje saboda waɗanda ba su samu kujera ba. Wannan babu wanda ya faɗa mini za a yi. Wakilin prefe ya yi jawabi da Faransanci, Mushe Nuhu ya yi nasa da Hausa ya fi na wakilin tsawo, shi da ya ce mutane ba su da haƙuri. Ni dai idona na kan ƙofa. Yayanku na can a kujerar ƙarshe, da farar riga da ƙurar hanya a takalminsa, hannuwansa bisa gwiwa. Gwaggonku Dije ma ta zo, ta ce gara ta gani da idonta da a ba ta labari. Na fara karantawa. Wurin daddawa aka yi dariya. Wurin gaisuwar awaki tsofaffin mata suka yi ta gyaɗa kai, don kowacce ta taɓa tambayar lafiyar akuya alhali ba akuya ce a ranta ba. Da na zo wurin ƙafar zauren ya yi tsit, har ina jin kukan babur daga titi.

Sai ga layin a gabana. Na sha ruwa, na gyara tabarau da ba su karkace ba. Na dubi yayanku, kansa na ƙasa. Na buɗe baki na faɗa. Ba zan sake rubuta sunan a nan ba, kun san shi. Ya fito da wata murya da ban san tawa ba ce, na ji shi a bakina, na kuma ji ya dawo mini daga waje ta amsa-kuwwa, ya fi yadda na faɗe shi girma. Na sake faɗa. Na sake. Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda ya yi ta yin sauƙi, kafin in kai ƙarshen layin harshena ya saba da shi kamar sunan kowa. Gwaggonku ta ja mayafi ta rufe fuska. Wasu mata suna kuka, ƴan lakwal suka fara tafi, sauran suka bi. Zuwaira ta rungume ni a gaban mutane, Mushe Nuhu yana ta cewa tarihi, tarihi. Yayanku bai tafa ba, bai kuma fita ba. Ya zauna har aka yi addu'a aka tashi, sannan ya bi wani abokinsa ya kwana a can. Na ce a raina kunya ce, ai dole, bari gari ya waye.

A nan kuke tsayar da labarin. Abin da ya biyo baya babu ɗayanku a wurin, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Da hantsi yayanku ya yi sallama, na fito tsakar gida na zauna kan tabarma. Ya tsugunna can nesa, kamar yadda ya saba. Muka gaisa, ya tambayi gwiwata, na tambayi iyalinsa.

"Malama, zan koma."

"Tun yanzu?"

"Akwai dabbobin mutane a hannuna."

Na ga in ban yi magana ba zai tashi, duk wahalar nan ta tafi a banza.

"Ka ji abin da na karanta jiya?"

"Na ji." Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. "Zancen ƙafar nan ai na sani. Inna ta faɗa mini tun ina ƙarami. Duk sanda na yi rashin ji sai ta ce, kai da uwarka ta tako rairayi daga Dungas ta riƙe maka ƙafa, haka za ka saka mata?"

Na ji kamar an zare mini tabarmar da nake kai. Ashe tsohuwa ba ta tafi da shi kabari ba. Ashe duk shekarun nan da yake tsugunnawa a bakin ƙofata idonsa a ƙasa, da saninsa yake yi, nasa rabon kunyar yake sauke mini, ni kuma ina zaune ina auna shi da ma'aunin Zuwaira. Na daure na ce masa to tun da ya sani, me ya ɓata masa rai, don ga shi nan a fuskarsa.

"Rai bai ɓaci ba, Malama." Ya ci gaba da zane a ƙasa. "Kin ga su ƙannena, kin goya su, kin yi musu faɗa, sun ci a hannunki, kina ƙwala musu kira daga nan har bakin titi. Ni ban samu ko ɗaya a ciki ba, ban kuma taɓa jin haushi ba. Abin da na samu shi ne in an zo kaina sai bakinki ya tsaya. Ko a Maigatari, in na ji wata tana kiran ɗanta a kasuwa, sai in ce a raina, ni tawa ba ta iya wannan da ni. Da shi nake sanin ni ne na fari. Shi ke nan abin da nake da shi a wurinki, ya kuma ishe ni."

Ya yar da tsinken.

"Jiya na ji shi a amsa-kuwwa. Har masu shayi a bakin meri sun ji."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma dube ni ba. Da ya yi mini faɗa da na fi samun sauƙi. Da ƙyar na ce masa to yanzu yaya za a yi.

"Ba komai, Malama. An riga an faɗa."

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce Allah Ya ƙara lafiya, na ce Allah Ya kiyaye hanya. Na ji tashin kabu-kabun da ya kawo shi a ƙofar gida. Na zauna a wurin har inuwa ta bar ni, ban iya jan tabarmar ba.

Ban rubuta wannan don in ɗora wa Zuwaira laifi ba, da zuciya ɗaya ta yi, kuma ba ita ta buɗe mini baki ba. Ban kuma ce Gwaggonku ce mai gaskiya ba, don ita mutuncin gida take karewa, ba yaron ba. Ni na auna da abin da na sani a lokacin, na zaɓa, abin da ya biyo baya kuma nawa ne. Bayan nan an gayyace ni Damagaram in sake karanta babin, Mushe Nuhu ya yi ta zarya har ya gaji, na ce masa ƙafa ba ta zuwa. Abin da nake roƙonku ɗaya ne: ku daina ba baƙi labarin nan, musamman in yana gari. Na ga yadda yake sunkuyar da kai in kun fara, ku kuna zaton daɗi yake ji.

Har yau bai rage mini komai ba. Hatsinsa na zuwa bayan girbi, shi ma yana zuwa da Sallah, ya tsugunna inda ya saba, ya kama hanya kafin la'asar. Ni kuma tun daga ranar ban sake faɗin sunan ba, na koma "yaron nan" kamar da. In an zo kansa bakina yana tsayawa. Sai dai ni da shi duk mun san yanzu ba shi ke tsayawa da kansa ba, ni ce nake tsayar da shi.